Talabijin na Hagu

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji, ku sarara min haka nan. Wadda ta ce in ban sako yau ba za ta zo ta tare min ƙofar gida, yi zamanki baiwar Allah, ga shi. Na gode da addu'o'inku, jikin yarinyata da sauƙi sosai.

*

Tun da suka sauka daga tasi Auta take tafiya a hagun Baba.

Da gangan take yi. Sau biyu tana ɗaga hannu a gefen fuskarsa kamar mai gyara mayafi, ko ƙyafta ido bai yi ba.



Baba direban motar makaranta ne, shekara ashirin da shida yana kwasar 'ya'yan mutane safe da rana. In har idonsa na hagu ya fara tafiya kamar yadda take zargi, to jibi Litinin yara talatin ne za su zauna a bayansa. Sau uku tana yi masa maganar asibiti, sau uku yana cewa, "Idona garau yake, Auta, ki fita harkata."

Yau kuwa ranar farin ciki ce. Ita da Yaya sun haɗa ƙarfi za su saya masa talabijin na bango, a sauke tsohon akwatin nan mai ƙatuwar ƙeya wanda sai an mare shi a gefe yake kawo hoto.

Yaya ne ya fara shiga shagon, yana tafe yana buɗe ƙirji. Kwana uku ya yi yana karatun talabijin a waya, yanzu ji yake ko masu ƙera shi ba su fi shi sani ba.

"Mai shago, OLED muke so, inci sittin da biyar, 4K. Kar ka ɓata mana lokaci, na gama bincikena."

Mai shagon wani siririn dattijo ne mai tabarau mai ɗan duhu. Ya amsa gaisuwar Baba tukuna, sannan ya dubi Yaya.

"Wa zai kalla?"

"Babanmu."

"To ka ga kuwa da Baba zan yi ciniki. Kai ɗan rakiya ne."

Auta ta rufe baki da mayafi tana dariya, Yaya ya harare ta.

Mai shago ya jawo wata tsohuwar kujera ta roba, ya zaro tef ɗin awo daga aljihu.

"Baba, ni ba na sayar wa mutum talabijin a tsaye. A gida a tsaye kake kallo?"

"Ina fa. A zaune, wani lokacin ma a kishingiɗe."

"Daga kujerarka zuwa bango taku nawa ne?"

"Huɗu, na manya."

"Taga fa?"

"Tana bayana. Da la'asar rana har cikin falo take shigowa, Mamansu ba ta son a saki labule, wai ɗaki yana duhu."

Mai shago ya auna, ya ajiye kujerar daidai gaban wasu talabijin uku da ke jere a bango. Ya je ya yaye labulen ƙofar shagon, hasken rana ya faɗo ta bayan kujerar. Sannan ya ɗauki rimot ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rage musu haske.

Yaya ya ce, "Kai, me ya sa kake kashe musu kyau?"

"Kwalliyar shago ce nake wanke musu. Haka ake ƙure musu haske da kala don su ja idon mai wucewa. Ka kai shi gida a haka, kwana biyu kanka ya fara sarawa. Bismillah, Baba, zauna."

Baba ya zauna yana gyara hula, fuskarsa fal murna.

"Oh ni! Yau ni ne a kujerar manya. Allah ya yi muku albarka, yaran nan."

"Amin, Baba," in ji Auta. Har cikin ranta ta ji daɗin addu'ar, amma idonta yana kan fuskarsa.

Mai shago ya dafa na tsakiya.

"Wannan LED ne. Fitila ce a bayan gilashin take haska hoton. Ba shi da rigima, yana jure aiki. Aibinsa, in aka nuno duhu ba ya yin baƙi ƙirin, sai ya yi toka-toka. Wani kuma in ka zauna a gefe kalar ta kan koɗe."

Ya matsa dama.

"Wannan QLED. Shi ma fitilar ce a baya, amma an ƙara masa abin da ke fito da kala, ga haske. Falo mai taga irin naka ba ya ba shi tsoro."

Ya taka zuwa hagu.

"Wannan kuma OLED, wanda ɗanka ya zo da sunansa a baki."

Baba ya yi dariya. "Led, Kuled, Oled. Duk 'yan ɗaki ɗaya ne ke nan?"

Yana faɗa yana juyawa. Ba ido ya juya ba, ba ma wuya kaɗai ba. Kafaɗa da ƙirji ya kwasa gaba ɗaya har ƙafar kujerar ta yi ƙara a kan tayil.

Auta ta gani.

Ta ɗaga kai, sai ta ga mai shago ma ya gani. Amma ya ci gaba kamar ba komai.

"Shi babu fitila a bayansa. Kowane ɗigo na hoton shi yake haska kansa, in an zo wurin duhu ya mutu abinsa. Ko daga gefe ka kalla, kalar tana nan. Amma rana tana iya rinjayarsa, kuma in mutum mai barin tasha ɗaya ne tun safe har dare, tambarin tashar kan iya barin inuwa a jikinsa."

"To ai ka gama da shi," in ji Auta. "Baba tashar labarai ce ko ƙwallo, ba ya canzawa."

Yaya ya ɓata rai. "4K ɗin fa? Shi ma za ka kushe?"

"Ban kushe ba. Ɗigon hoton ne ya ninka na HD sau huɗu. Amma in tashar da kake kamawa ba ta aiko hoto mai kyau ba, shi ma abin da aka ba shi zai nuna maka."

"Filasma fa?" in ji Baba. "Maƙwabcina ita yake ta yi mana gori da ita."

"An daina yin ta, Baba. Nauyi, zafi, ga shan wuta. Ka ce ina gaishe shi."

Baba ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya.

Mai shago ya sa musu wasan ƙwallo iri ɗaya a duka ukun. Baba ya gyara zama ya fuskanci na tsakiya, nan da nan ya manta da kowa. Yaya kuwa ya ɗauke rimot ɗin OLED yana ta latse-latse, shi dai sai ya nuna nasa ne gaba.

Ana cikin haka wata mata ta shigo da kwali a hannu. Tana ganin Baba ta saki baki.

"Lah! Baba Direba! Kai ne a nan?"

Baba ya miƙe rabi. "A'a, Maman 'Yan Biyu! Ina yarana?"

"Suna filin wasa, yau suna da atisayen gudu. Wallahi kullum sai sun yi zancenka." Ta juya wurin Auta. "'Yarsa ce ke? Ki gode wa Allah da ya ba ki uba. Shekara huɗu yana ɗaukar min yara, ban taɓa tsayawa bakin titi da fargaba ba. Ranar da ƙaramar ta yi amai a mota, da hannunsa ya wanke ta ya kawo min ita."

"Na gode, Mama," in ji Auta, muryarta can ƙasa.

Baba ya koma ya zauna, ya miƙe wuya sosai, ya kafe ido a na tsakiya. Auta ta lura tun da matar ta shigo bai sake yin juyin nan nasa ba.

Shi kuwa Yaya, uban 'yan bincike, garin latse-latse ya danna abin kashewa. Talabijin na hagu ya ɗauke ɗif. Kansa na sunkuye yana neman maɓallin kala, bai ma san ta'asar da ya yi ba.

"Baba, don Allah dubi OLED ɗin nan na hagu ka faɗi gaskiya. Ba ya fi su ba?"

Baba bai juya ba.

"Ina ganinsa ai. Koren filin ya fi fitowa a nan, har ciyawa kana iya ƙirgawa."



Inci sittin da biyar na baƙin gilashi, ba ƙwallo ba ciyawa.

Yaya ya ɗago, ya dubi bango, ya dubi Baba, bakinsa a buɗe.

 Abin da Auta take tsoro ke nan, kuma a gaban wa? A gaban uwar yara biyu.

Maman 'Yan Biyu ta ɗan tamke gira.

"Baba, ai wannan a kashe yake."

Kafin Baba ya buɗe baki, mai shago ya yi dariya ya shiga tsakaninsa da bangon. Ya zare rimot daga hannun Yaya.

"Ɗan rakiya ne ya kashe shi yanzun nan, Baba abin da ya gani ɗazu yake faɗa. Ke ma zo in gwada ki, Hajiya. Rufe ido."

Ta rufe tana dariya. Ya latsa abu biyu.

"Buɗe. A kunne yake ko a kashe?"

"A kashe mana."

Sai ga wutar kyandir ƙwaya ɗaya ta bayyana a tsakiyar baƙin, tana rawa.

"Ikon Allah! Ashe a kunne yake!"

"Haka yake rikita mutane. Kawo kwalin, ƙarfen rataye ne bai yi daidai ba ko?"

Ya ja ta can wurin kanta, ya canza mata, ya rako ta har ƙofa. Ta ɗaga wa Baba hannu.

"Sai Litinin, Baba Direba!"

"Allah ya kai mu," in ji Baba. Muryar ba tasa ba ce.

Mai shago ya saki labulen ƙofa. Ya kashe talabijin ukun. Ya jawo wata kujera ya zauna a daman Baba, dab da shi.

"Baba, na rufa maka asiri a gabanta domin ba a bakina ya kamata ta ji ba. Amma 'ya'yanta biyu a motarka suke."

"Malam, talabijin na zo saya."

"Na sani."

"To ka sayar min, ko mu ƙara gaba."

 Mai shago ya sa hannu ya cire tabaransa.

Idonsa na dama fari ne fat, ba ya motsi.

Yaya ya ce, "Subhanallah."

"Shekara tara ke nan," in ji mai shago. "Lokacin gyara nake yi, ba sayarwa ba. Gefe ya fara rufe min a hankali, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Na ce in mutane suka ji, wa zai kawo wa mai ido ɗaya gyara? Na koyi juya jiki gaba ɗaya don kar a gane. Irin juyin da ka yi ɗazu, Baba, ni na san shi, shekara biyu ina yin sa."

Baba ya sunkuyar da kai.

"Ranar da na je asibiti, likita ya ce wannan ya riga ya tafi. Ɗayan ne aka tsare min da magani, da shi nake ganinka yanzu. Ya ce da na zo da wuri da ba haka ba. Ni ba likita ba ne, ban san abin da ke damun naka ba. Abin da na sani, jira bai ƙare ni da komai ba."

Auta ta durƙusa a gaban kujerar, ta kama gwiwar Baba.

"Baba, tun yaushe?"

Baba ya kau da kai.

"Baba, don girman Allah."

"Wata biyar."

Yaya ya dafe kai da hannu biyu. "Wata biyar! Kana tuƙi?"

"Ina tafiya a hankali. Na ƙara madubi. Kowace kwana sai na tsaya na juya na duba." Ya dubi Yaya. "Kullum in na sauke yaro na ƙarshe sai na kifa kai a sitiyari na yi hamdala. Kuna tsammani ba na jin tsoro? Tsoro nake kwana da shi, nake tashi da shi."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa in zama me? Da motar nan na rene ku. Da ita aka san ni. Yara in sun hango ni a hanya, Baba Direba suke kira. In na ajiye makulli, Baba wa za su ce?"

Hawaye suka zubo wa Auta, ba ta share ba.

"Baba za su ce, kamar yadda muke cewa. Ka manta lokacin da nake firamare, kana zaunar da ni a kujerar bayanka, kana tambayata karatun jiya a kowace danja? Duk abin da na zama yau, daga bayan kujerar nan na fara shi. Ka yi mana komai, Baba, wallahi ka yi. Ba mu da bakin gode maka. Abu ɗaya nake roƙo, ka bar mu mu ma mu yi maka wani abu da ya fi talabijin."

Yaya ya durƙusa kusa da ita. Duk bakin nan nasa ya mutu.

"Ka yafe min, Baba. Ina ta karatun ɗigon hoto, ban taɓa duban idonka ba."

Baba ya daɗe yana kallonsu. Sai ya sa hannu a ƙugu, ya kwance makullin motar makaranta daga jikin bel, inda yake rataye ko ranar hutu. Ya kamo hannun Auta ya sa mata a tafi, ya naɗe yatsunta a kai.

"Litinin da safe ki kai ni asibiti."

"Alhamdulillah," in ji Auta, ta kifa goshi a gwiwarsa tana kuka. "Alhamdulillah."

Baba ya juya wurin mai shago, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Bawan Allah, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Ka tsare min mutunci a gaban mutane, ka kuma gaya min gaskiya a bayansu. 'Yan'uwa ma ba kowa ke yin haka ba. Allah ya tsare maka wanda ya rage, ya saka maka da alheri."

"Amin, Baba. Ni ma da na samu wanda ya gaya min, da na gode masa."

Yaya ya share fuska da hannun riga. "To talabijin ɗin fa? Wanne za mu ɗauka?"

"Yau ko ɗaya," in ji mai shago. "Ku je ku ji abin da likita zai ce, sannan ku dawo da shi mu sake awo. In ka matsa min, falo mai taga a baya da mai kallon tasha ɗaya, QLED inci hamsin ya ishe shi."

"OLED ɗina fa?"

"In ka yi naka falon, ka zo."

Har Baba sai da ya yi murmushi.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu.

Ya ciro, ya kai ta saitin idon dama ya duba. Murmushin ya ɗauke.

"Shugabar makaranta ce."

Ya ɗauka. Shagon shiru, duk suna jin muryarta, ga hayaniyar yara a bayanta.

"Baba Direba, Allah ya sa kana kusa! Ɗayan direban an kira shi, matarsa na naƙuda, ya tafi. Yara na nan filin wasa sun gama atisaye, ga hadari ya haɗo. Don Allah ka je ka ɗauko mota yanzu-yanzu."

Hannun Baba ya tafi ƙugunsa da kansa. Ba makulli.

Ya dubi hannun Auta.

Ta ƙara damƙe shi, ta girgiza kai, hawaye na bin kumatunta.

"Baba Direba? Kana jina?"

"Ina jin ki, ranki ya daɗe."

"To minti nawa?"

 Mai shago ya dafa kafaɗar Baba.

"Ranki ya daɗe, ki nemi wani ya ɗauke su. Ni ba zan zo ba."

"Ba za ka zo ba? Lafiya?"

"Idona na hagu ba ya gani."

 Hayaniyar da ke kusa da Shugaba ta ɗauke.

Can Shugaba ta ce a hankali, "Baba Direba... a lasifika na sa wayar. Iyaye na tsaye a nan."

Sai wata murya ta namiji, mai kauri, ta matso kusa da wayar.

"Malam direba, ni uban 'yan biyu ne. Tun yaushe kake ɗaukar min yara ba ka gani?"